Hanyar Ƙwaya: Daga Apapa Zuwa Dawa



A watan Satumban 2021 hukumar NDLEA ta kama ƙwayar kaftagon sama da 450,000 a tashar jiragen ruwa ta Apapa, an cusa ta cikin kayan injuna daga Lebanon. Ƙwaya ce mai hana barci, mai cire tsoro, wadda mayaƙan Siriya suka yi suna da ita. Babbar kasuwarta Saudiyya ce. Da gwamnatin Assad ta faɗi a Disambar 2024, sai ga masana'antunta a fili.

To mu jama'ar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ina ruwanmu da Apapa? Ku tambayi duk wanda ya taɓa zama a hannun 'yan bindiga. A cikin abin da suke nema bayan kuɗin fansa, da mai da katin waya, ƙwaya ba ta ɓacewa. Tiramol dai ta fi yawa a nan, galibi daga Indiya take, ta bi Lome ko Kwatano, ta haura Nijar, ta sake gangarowa.

Gwamnati ta yi motsi. An hana maganin tari mai kodin a 2018. Tun da Buba Marwa ya karɓi NDLEA a 2021 kame ya ƙaru ƙwarai. A shekarar nan ce gwamnatin Gwamna Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka hana sayar da mai a jarka, aka katse layukan waya. Mun sha wuya, kuma ƙwaya ba ta daina shiga dawa ba.

Dalili kuwa, zangon ƙarshe ba a kwantena ake yin sa ba. A ƙarƙashin sirdin babur ne, a cikin buhun masara, a hannun yaron da aka ba dubu biyu ya kai saƙo. Kwastan na Legas ba ya ganin wannan. Mai unguwa yana gani, mai shagon magani ma ya san wa ke saye da yawa.

Ku kuma maniyyata, kada ku karɓi saƙon kowa. A 2018 an tsare wata ɗalibar Kano a Saudiyya saboda jakar tiramol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Malam Aminu Kano. Sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kisa ne.