Malam-Buɗe-Littafi da Danginsa, Daga Kurmi Zuwa Illela



Duk wanda ya tashi a Illela, bakin iyakarmu da Birnin Ƙonni, ya san da zarar damina ta kankama malam-buɗe-littafi kan cika fadama da bayan gari. Fari ne, ja ne, rawaya ne, suna ɗaya muke kiransu. Amma a Nijeriya kaɗai masana sun ƙidaya iri fiye da 1,000, galibinsu a kurmin kudu. A irin wannan kurmi ne ake samun mafi girmansu a Afirka, watau Papilio antimachus, wanda Drury ya bayyana a 1782. Faɗin fikafikan namijin yakan haura santimita 20.

Tsarin ba kowane iri suna biyu, na zuriya da na yanka, aikin Linnaeus ne, mutumin Suwidin. A 1758 shi ma kwando ɗaya ya zuba su, ya kira su duka Papilio, saboda haka kada mu ga laifin kakanninmu da yawa. Na bayansa ne suka rarrabe.

Alal misali, mu dubi jan nan mai baƙin gefe da ke shawagi kan tumfafiya. Linnaeus ya ce Papilio chrysippus ne, daga baya aka mai da shi zuriyar Danaus. In muka kama shi za mu ga kamar ƙafa huɗu gare shi, domin biyun gaba sun ƙanƙance. Na kurmin kuwa shidansa cikakku ne. Tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, dafin ya zauna a jikinta har bayan ta yi fikafikai, don haka tsuntsu ba ya marmarinsa. Abin mamaki, macen wani iri dabam, Hypolimnas misippus, kamanninsa ta ara ta tsira da su. Ashe launi ba ya nuna dangantaka.

Ɗan'uwan na kurmin na haƙiƙa yana nan cikin lambunanmu, shi ne Papilio demodocus, baƙi mai ɗigon rawaya, wanda tsutsarsa kan cinye ganyen dashen lemo. To, waɗanda za su zama malaman gona cikinmu, nan batun ya shafe ku. Manomi zai kawo kukan tsutsa, in ba ku tantance wace ce ba sai a yi ta feshi, kuɗinsa su tafi, ƙudan zuma su mutu, alhali a ƙaramin dashe tsince ta da hannu ya wadatar.