Wa Uwa Ke Saurara Kan Lafiyar Ɗanta? Duba Ga Jega, Aliero Da Maiyama



Duk wanda ya san Aliero ya san ta da abu biyu, albasa da ɗorin karaya. Daga nesa ake ɗauko wanda ya karye, a wuce asibitoci da dama, a kawo shi gidan maɗori. Ba shela aka yi wa mutane ba; sun ga wanda aka kawo ranga-ranga ya koma gida da ƙafarsa. Allurar rigakafi kuwa ba ta da irin wannan shaida, domin amfaninta shi ne ciwon da bai zo ba, ba a kuwa nuna abin da bai faru ba. Saboda haka tilas uwa ta dogara da bakin wani, watau mijinta, ko uwar miji, ko ungozomar da ta yanke wa jaririn cibiya, ko limamin unguwa. Rediyo na kai labari har ɗaka, amma izinin fita a hannun maigida yake.

Shakkar da ake gani tana da asali. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a gwajin da ya haɗa yara wajen 200, goma sha ɗaya suka rasu. Da jita-jita ta bazu a 2003 cewa maganin shan inna na hana haihuwa, sai ta tarar da zukatan da suka riga suka tsorata. Kano ta dakatar da rigakafin har Yulin 2004, cutar kuma ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigowar sarakuna a 2009, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, inda hakimai da dagatai suka tsaya a kan aikin da kansu. A Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Yanzu ga sabon gwaji. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Jihar Kebbi na ɗauke da ƙwayar zazzabin cizon sauro, fiye da kowace jiha. Shi ya sa a Disambar 2024 aka fara allurar rigakafinsa a Kebbi da Bayelsa. Sau huɗu ake yin ta: yaro na wata biyar, shida, bakwai, sa'an nan goma sha biyar. Matar da ke wani ƙauyen Maiyama sai ta nemi izini sau huɗu, ta biya kuɗin babur sau huɗu.

A nan ne halin malamin asibiti ke yin aiki. Sau da yawa jikin yaro kan yi zafi bayan allura. In an gaya wa uwa tun da fari, sai ta ce malamin ya san aikinsa. In ba a gaya mata ba, ko aka daka mata tsawa don ta manta kati, to, kafin la'asar labarin ya zaga gidan suna, kuma gobe kemis za ta nufa. Ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Jega su lura da wannan musamman, domin tsakanin allura ta uku da ta huɗu akwai wata takwas cur, ga shi kuma allurar rage cutar take yi, ba ta ɗauke wa yaro kwana cikin gidan sauro ba. Uwar da aka ce wa ɗanta ba zai ƙara zazzabi ba, ranar da ya yi, da wuya a sake ganinta.