KARAYAR ƘUGU: KADA KU BAR TSOHO YA DAƊE A KWANCE, IN JI LIKITA

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa likitan ƙashi ya gabatar wa 'yan'uwa matasa a kan karayar ƙugu da ke samun tsofaffi. An ga dacewar kawo shi ne saboda da wuya a sami gidan da babu tsoho ko tsohuwa, kuma ranar da abin ya auku matasan gida ake kira su kinkima.

Bayan ya yi sallama, likitan ya fara da tambayar ko akwai wanda bai taɓa jin an ce, "Wane ya zame a banɗaki, tun daga ranar bai sake tashi ba." Ya ce mutane kan ɗora laifin a kan faɗuwar, alhali kuwa saurayi zai yi irin wannan faɗuwa ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. Abin da ya bambanta su shi ne ɓarnar da ta daɗe tana aukuwa a jikin tsohon ba tare da kowa ya lura ba, kuma ɓarnar iri biyu ce.

Ta farko ita ce zaizayar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis. Ya ce ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki na rushe tsohonsa yana gina sabo, kuma yakan kai iyakar ƙwarinsa ne wajen shekara 30. Daga baya sai rusau ya fara rinjayar gini, har ƙashi ya koma kamar itacen da gara ta cinye, a ido lafiya lau, ciki kuwa rami ne. Ba ya ciwo, ba ya kumburi, sai ranar da ya karye. Abin ya fi tsanani ga mata bayan ɗaukewar al'ada, shi ya sa kimanin kashi 3 cikin 4 na masu karayar ƙugu mata ne, ko da yake maza sun fi mutuwa idan ta same su.

Ta biyu kuwa, wadda ya ce an fi yin sake da ita, ita ce zubewar tsoka. Sai a shekarar 1989 ne wani likita Ba'amurke mai suna Irwin Rosenberg ya raɗa mata suna sakofeniya, kafin nan ana ɗaukarta tsufa ne kawai. Daga shekara 30 mutum kan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a duk shekara 10, kuma abin na ƙara gudu bayan shekara 60. Tsokar cinya da ta ɗuwawu su ne ke tare mutum idan ya yi tuntuɓe, su ne kuma matashin da ke rufe ƙashi idan ya kai ƙasa. To, idan sun zube, tsoho zai faɗi a inda bai kamata ya faɗi ba, kuma ƙashin da ya riga ya zaizaye shi zai sha dukan kai tsaye.

Ya koya wa 'yan'uwa gwajin da ba ya buƙatar ko sisi. A sa tsoho ya zauna a kujera, ya harɗe hannuwansa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau 5. Idan ya wuce daƙiƙa 15, ko ya kasa sai da dafawa, to ƙarfin ƙafa ya ragu. Ya ce mai lura ma ba sai ya kai ga gwaji ba, domin duk wanda ke bin mahaifinsa masallaci zai ga lokacin da tashi daga sujada ya fara zama aiki.

Daga nan sai likitan ya shiga abin da ya kira zuciyar maganar. Ya ce a ƙasashen da ake ajiye lissafi, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na tsofaffin da suka karye a ƙugu kan rasu kafin shekara ta zagayo, kuma da yawa daga waɗanda suka rayu ba sa komawa tafiya kamar da. Ajali dai na Allah ne, amma sababin da likitoci ke gani a mafi yawan lokuta shi ne doguwar kwanciya. Wanda ya daɗe a kwance majina kan taru masa a huhu ta zama ciwon huhu, bayansa ya yi gyambo, jini ya daskare a jijiyar ƙafa ya tafi ya toshe huhu, ga ciwon mafitsara, ga ruɗewar hankali har a fara cewa Baba ya gigice.

Ya kawo wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007, inda aka kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya kwana 10 kacal, sai aka tarar sun rasa kusan kilo 1 na tsoka daga ƙafafunsu. "Waɗannan fa lafiyarsu ƙalau," in ji shi. "Ina ga wanda ya karye, ba ya cin abinci, aka shimfiɗe shi wata biyu a ɗaki?" A nan ne ya ja kunnen matasa a kan wani nau'in tausayi da ke cutarwa, wato "Baba ka kwanta ka huta," "Inna kada ki motsa, za a kawo miki." Niyyar kyakkyawa ce, babu mai musu, amma kowace rana ta wannan hutu tana cin naman da tsohon zai tashi da shi.

Game da masu ɗori, ya ce shi ba ya raina su, sai dai wannan karaya ta fi ƙarfin kara da tsumma. Sau da yawa wuyan ƙashin cinya ne ke karyewa, can ciki ƙarƙashin nama, inda kan ƙashin mai kama da ƙwallo ke shiga kwarmin kwankwaso. Babu ta inda za a ɗaure shi daga waje. Ƙari a kan haka, jijiyoyin da ke kai wa ƙwallon jini ta wuyan suke bi, idan suka tsinke sai ƙwallon ya mutu, komai ja da murza ba zai haɗe ba. Alamarta kuma galibi ba ta ɓuya: ciwo a matsematsi, kasa taka ƙafa, ƙafar ta gajarce, tafin ya kwanta ta waje. Duk wanda ya ga haka kada ya ja ƙafar, kada ya ɗora shi a babur. A shimfiɗe shi a mota a nufi asibitin da ke da likitan ƙashi, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitocin koyarwa.

Ya ce abin da likitoci suka haɗu a kai shi ne a yi tiyata cikin awa 48 idan hali ya yi, ko a ɗaure ƙashin da ƙarfe da kusoshi, ko a cire ƙwallon a sa na ƙarfe, sannan a tayar da mara lafiya tun washegari ya fara takawa da abin dogarawa. Ya amsa cewa aikin na da tsada, kuma talaka na ji a jikinsa. Amma ya ce ya sha ganin dangi sun ɓata mako uku ana shawara, ana jiran babban yaya ya iso daga tafiya, ƙarshe kuma a haɗa kuɗin bayan gyambo ya riga ya ɓulla. Shawarar da za a yanke a mako uku, a yanke ta a dare ɗaya.

Bayan tiyata sai abinci. Tsoho na buƙatar giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 60 zai nemi giram 60 zuwa 72, alhali ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai. Koko da safe da tuwo da dare ba za su kai ba. A haɗa masa da wake, ƙosai, awara, ƙwai, kifi, da nono ko kindirmo waɗanda ke da kalsiyam mai gina ƙashi, haka zogale da kuka. Idan haƙora sun zube a dafa nama ya yi lugub, kada a ce ai Kaka ba ta iya tauna. Mai ciwon ƙoda ne kawai zai fara tuntuɓar likita. A kuma riƙa fito da su hantsi, domin da hasken rana fata ke yin bitamin D.

Ya kuma yi kashedi a kan haɗin magungunan ciwon gaɓoɓi da ake saya ba da takardar likita ba, waɗanda sau da yawa akwai deksametason ko firedinisolon a ciki. Suna kwantar da ciwo nan take, amma yawan shansu na cinye ƙashi da tsoka baki ɗaya.

Ga masu ganin tsoho ya wuce motsa jiki, ya ambaci gwajin da aka wallafa a 1990, wanda aka yi a wani gidan tsofaffi a birnin Boston: mutum 10 masu shekara 86 zuwa 96 sun yi atisayen ƙafa na mako 8, ƙarfin cinyarsu ya ninka fiye da sau biyu. Sauran aikin kuma na matasa ne: a kankare gansakukar banɗaki, a kafa abin kamawa kusa da masai, a ajiye fitila saboda fitar asuba, a ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe, a kai su a duba idanu.

Da aka ba da damar tambayoyi, wani ɗan'uwa ya ce kakarsa ta faɗi amma tana ɗan takawa da ɗingishi, shin wannan ma karaya ce? Likitan ya ce yana iya yiwuwa, domin wani lokaci ƙashin kan karye ya cushe cikin juna, mutum ya yi kwanaki yana takawa kafin ya goce. Ya ce a kai ta a ɗauki hoto ba tare da jinkiri ba, kuma ko hoton farko bai nuna komai ba, matuƙar ciwon matsematsin bai lafa ba a koma a sake dubawa.