Kafin a Zargi Iri, a Duba Ƙasar da Ke Cikin Leda



Duk wanda ya shuka ƙwayar itace ta ƙi fitowa, iri yake ɗora wa laifi. Ni ma na taɓa yi. Na cika ledoji da laka daga fadama, na jera su tsakar gida cikin ranar bazara, ina ban ruwa safe da yamma. Bayan mako uku na tona, sai na tarar ƙwayar ɗorawa ta ruɓe, ta yi laushi kamar daddawa.

Laka ce ta kashe ta. Tana riƙe ruwa ta hana ƙwaya numfashi, in ta bushe kuma ta yi ɓawon da tsiro ba ya iya fasawa. Ku haɗa kwano biyu na rairayi, ɗaya na ƙasar gona, ɗaya na takin da ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin shanu kuwa ƙona saiwa yake yi. A huda gindin leda, ko ta fiya wata ce. Kada a binne ƙwaya kamar gawa, zurfin ya zama ninki biyu na girmanta kawai.

Sai batun zafi. Yawancin itatuwanmu sun fi tsira a ɗumi tsakanin digiri 25 zuwa 35. Baƙar leda a rana da azahar ta wuce nan nesa. Ku cusa yatsa ku ji. A kafa rumfar zana ko ta kara. Sanyin hunturu kuma jinkiri yake kawowa, kada ku yi saurin zubar da leda.

Kowane itace da halinsa. Kuka da gawo ƙwayarsu tauri gare ta. A tafasa ruwa, a sauke, a zuba su, su kwana ciki, ko a goga gefen ƙwayar a dutse. Ba kwa ganin gawo inda awaki ke kwana? Cikinsu ne ya yi wannan aikin. Darbejiya da kaɗanya ba sa son ajiya, da sun faɗo a shuka. Kaɗanya ma saiwa take fara turawa ƙasa, sai a daɗe ba a ga ganye ba. Zogale ba ruwansa, mako ɗaya zuwa biyu ya leƙo.

Mai son dashe a watan Yuli, in ruwa ya zauna, ya cika ledojinsa tun Maris.