Jami'o'in Ivy da Wasannin Bayan Kaka: Dalilin Ƙauracewar Shekara Tamanin



Ranar 1 ga Janairun 1934, ƙungiyar Jami'ar Columbia ta birnin New York ta yi tattaki zuwa Pasadena a jihar Kalifoniya, ta doke Stanford da ci 7 da nema a wasan Rose Bowl, a filin da ruwan sama ya jiƙe sharkaf. Daga ranar sai da aka haura shekara casa'in kafin ɗaya daga cikin jami'o'i takwas da ake kira Ivy League ta sake buga wasan ƙwallon ƙafar Amurka bayan an rufe kaka. Jami'o'in su ne Harvard, Yale, Princeton, Columbia, Pennsylvania, Brown, Dartmouth da Cornell, kuma tambayar wannan lacca ita ce me ya sa masu irin wannan suna da dukiya suka kame hannu tsawon wannan lokaci.

Wasan da ake magana a kai ya fi kama da zari-ruga, domin da hannu ake ɗaukar ƙwallon a ruga, abokan hamayya su tare mutum su kayar. A Najeriya matashi mai baiwar ƙwallo yakan bi ta kulob, amma a Amurka jami'a ce hanyar shiga gasar ƙwararru ta NFL. Shi ya sa wasan ɗalibai a can kan tara 'yan kallo dubu ɗari a fili guda. Ana buga kaka daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, sannan a shiga wasannin bayan kaka, waɗanda suka haɗa da wasannin gayyata irin su Rose Bowl da zagayen sili-ɗaya-ƙwale na fitar da zakara.

Abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari shi ne waɗannan jami'o'i su suka haifi wasan. Princeton ce ta kara da Rutgers a 1869, karawar da ake ɗauka ta farko tsakanin jami'o'i. Walter Camp na Yale shi ya tsara yawancin dokokin da suka raba wasan da zari-ruga. Harvard ta gina filinta na kankare a 1903, Yale ta buɗe nata a 1914 mai ɗaukar mutum kusan dubu saba'in, kuma shi aka kwaikwaya wajen gina filin Rose Bowl. Brown ta buga Rose Bowl a 1916, Pennsylvania a 1917, Harvard ta lashe shi a 1920 da ci 7 da 6 a kan Oregon. 'Yan wasan Yale biyu, Larry Kelley da Clint Frank, suka karɓi kyautar Heisman ta gwarzon shekara a 1936 da 1937.

Sai dai tun da wuri wasan ya fara tayar wa shugabannin jami'o'in hankali. A 1905 kaɗai an ƙirga mutuwar 'yan wasa aƙalla 18, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadar White House. Columbia ta dakatar da wasan shekara goma. Daga wannan rikici aka kafa hukumar da a 1910 ta zama NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i. A 1929 Gidauniyar Carnegie ta fitar da rahoto mai zafi wanda ya nuna yadda tsofaffin ɗalibai masu kuɗi ke farautar 'yan wasa, ana ba su kuɗi a ɓoye ko aikin da ba sa zuwa, ana kuma ɗaga musu ƙafa a aji.

Jami'ar Chicago ta ɗauki matakin da ya fi tsauri. Ɗan wasanta Jay Berwanger ne ya fara cin kyautar Heisman a 1935, amma a 1939 shugabanta Robert Hutchins ya rufe ƙungiyar baki ɗaya. 

Jami'o'in nan takwas suka zaɓi tsaka-tsaki. A 1945 shugabanninsu suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar ƙwallo, a 1954 aka faɗaɗa ta zuwa dukkan wasanni, a 1956 aka fara gasar Ivy a hukumance. Ginshiƙan tsarin uku ne. Ba a ba ɗalibi tallafin karatu don ya iya wasa, sai don iyayensa ba su da halin biya. Dole ɗan wasa ya cika sharuɗan karatu kamar sauran ɗalibai. Kuma da an buga wasan ƙarshe a Nuwamba, kowa ya tattara kayansa ya koma aji.

Dalilin da aka fi ji daga bakin hukumomin shi ne jarrabawa. Gasar fitar da zakara ta rukunin da Ivy ke ciki, mai ƙungiyoyi 24, tana farawa ne a ƙarshen Nuwamba ta kai farkon Janairu, daidai lokacin rufe zangon karatu. Ƙungiya guda kan ƙunshi ɗalibai kusan ɗari, kuma kwashe wannan adadi ana yawo da su a jirgi mako bayan mako ba ƙaramin lamari ba ne. Akwai kuma lafiyar jiki. Ivy wasa goma kacal take bugawa a kaka, alhali zakaran babban rukuni kan buga goma sha biyar ko fiye, kuma kowane ƙarin wasa ƙarin haɗarin buguwar ƙwaƙwalwa ne. A nan an shaidi gaskiyar niyyarsu, domin a 2016 suka haramta kayar da juna a atisayen tsakiyar kaka, bisa salon da koci Buddy Teevens ya fara a Dartmouth.

Dalili na uku al'ada ce. Karawar Harvard da Yale, wadda aka fara a 1875, ita ce babbar ranar shekara ga tsofaffin ɗaliban jami'o'in biyu, kuma da yawansu ba su so a mayar da ita share fagen wata gasa.

Duk da haka hujjar jarrabawa tana da rauni, kuma 'yan wasan sun daɗe suna nuna shi. Ƙwallon ƙafar Amurka ce kaɗai aka hana; sauran wasanni suna shiga gasar ƙasa. Pennsylvania ta kai zagayen kusa da na ƙarshe a ƙwallon kwando a 1979. Princeton ta fitar da UCLA mai riƙe da kofi a 1996. Yale ta ci kofin ƙasa na hokin ƙanƙara a 2013. Ga shi kuma har zuwa 2009 a Janairu Harvard ke yin jarrabawar zangon farko, Princeton kuwa ta ci gaba da haka har 2020. Amma Harvard ta ci wasanninta goma cif a 2014, Princeton ta yi haka a 2018, kuma dukkansu suka zauna gida suna kallon wasu a talabijin.

Ainihin dalilin, in an duba da kyau, tsoron kuɗi ne da ikon da yake kawowa. Shugabannin 1945 sun ga da idonsu cewa ƙwallo ce wasan da ke iya fin ƙarfin jami'a. Gayyatar bayan kaka tana kawo kuɗi da suna; neman ta yana jawo koci mai tsada; kocin yana neman a sassauta sharuɗan shiga ga ɗan wasan da yake so; daga nan ofishin ɗaukar ɗalibai ya fara karɓar umarni daga filin wasa. Hana wasan bayan kaka ya toshe wannan hanya tun daga bakinta. Sun iya yin hakan ne saboda ba sa buƙatar kuɗin ƙofa: asusun ajiyar Harvard ya haura dala biliyan hamsin. Sun kuma biya farashi, domin a 1982 suka sauka daga babban rukuni zuwa na biyu, 'yan kallo suka ragu.

Ba duk manyan jami'o'i suka bi wannan ra'ayi ba. Stanford da Duke da Northwestern da Vanderbilt suna ba da tallafin wasa, suna kuma zuwa wasannin gayyata. Notre Dame ta ƙaurace wa waɗannan wasanni shekara 45 bayan Rose Bowl na 1925, sannan ta dawo a Janairun 1970.

A Disambar 2024 Ivy ita ma ta sauya. Shugabannin jami'o'in suka amince da shawarar da kwamitin ɗalibai 'yan wasa ya gabatar, aka ɗage haramcin daga kakar 2025. A shekarar farko Yale da Harvard suka samu gurbi, Yale ta farfaɗo daga baya ta ci Youngstown State 43 da 42 a zagayen farko. Amma makonni kaɗan bayan sanarwar ɗage haramcin, Ivy ta bayyana cewa ba za ta shiga sabon tsarin da ya ba jami'o'i damar raba wa 'yan wasa kuɗin shiga kai tsaye ba, tsarin da kotu ta amince da shi a Yunin 2025 da iyakar kusan dala miliyan 20.5 ga kowace jami'a a shekarar farko.

Hukuncin da tarihin ya ba da shi ne haramcin ya yi amfani a zamaninsa, amma ya daɗe fiye da kima, ya kuma tauye ɗalibai da dama waɗanda suka cika sharuɗan aji da na fili. Ɗage shi daidai ne. Abin da ya kare waɗannan jami'o'i tun farko shi ne riƙe ikon ɗaukar ɗalibi da rabon tallafi a hannun hukumar makaranta, kuma a kan wannan ya kamata malamai da ɗaliban da ke bibiyar lamarin su sa ido a shekaru masu zuwa. Har yau babu ɗaya daga cikin jami'o'in takwas da ke ba da tallafin karatu don ƙwallo.