Mahayin Raƙumi Da Aka Ƙera Da Injin Huda Katako

A filin tseren raƙuma na Al Marmoom, a hamadar da ke bayan birnin Dubai, duk lokacin sanyi akan saki raƙuma su yi ta zuba gudu, amma babu ɗan Adam ko ɗaya a bisa bayansu. Abin da ke ɗaure bayan tozon kowane raƙumi shi ne wani ɗan butum-butumi sanye da riga mai launi, yana riƙe da bulala. Duk mai sha'awar ƙera butum-butuminsa na farko, alhali aljihunsa ba nauyi, ya kamata ya san yadda aka yi wannan na'ura ta samu.

Da can yara ƙanana ne suke hawa, saboda rashin nauyinsu. Akan kawo su daga Pakistan da Bangladash da Sudan da Muritaniya, waɗansunsu ba su kai shekara 10 ba, da yawa kuma suka faɗo suka kakkarye. A shekarar 2005 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta kafa dokar hana sa wanda bai kai shekara 18 ba yin wannan aiki, ta kuma haɗa kai da hukumar UNICEF aka mayar da yara fiye da 1,000 ƙasashensu. To, wa zai hau raƙuman?

Tun kafin nan ƙasar Katar ta sa wani kamfanin Suwizalan mai suna K-Team ya ƙera mata mahayi na ƙarfe. Injiniyoyin sun yi aikin gwaninta, har da kai da hannuwa kamar na mutum. Sai dai nauyinsa ya haura kilo 15, kuɗinsa kuwa dalar Amurka dubbai ne. Masu raƙuma ba su daɗe da shi ba. Wanda ya maye gurbinsa a ƙananan shaguna ake haɗa shi, bai wuce kilo 3 ko 4 ba, farashinsa kuma ɗaruruwan daloli kaɗan.

Ga yadda yake. Zuciyarsa injin huda katako ne mai aiki da batir, irin wanda kafintoci ke riƙewa. A bakinsa, inda ake ɗaura tsinken huji, sai a ɗaura bulala. Hikimar zaɓen wannan inji ita ce ya zo da kayansa cikakku, watau da mota mai juyawa, da giya mai ƙara mata ƙarfi, da batir da ake cirewa a yi masa caji. Ana kunna shi daga nesa da ɗan rimot irin na buɗe ƙofar mota, sa'an nan a liƙa masa oba-oba, domin mai raƙumi, wanda ke bin gefen fili a cikin motarsa, ya riƙa yi wa dabbarsa kira da muryar da ta saba ji.

Akwai wuri guda inda masu koyo suka fi yin ɓarna. Na'urar da ke karɓar saƙon rimot wuta kaɗan take iya ɗauka, ita kuwa mota takan zuƙi wuta mai yawa, musamman a lokacin tashi. Idan aka haɗa su kai tsaye, mai karɓar saƙon ce za ta ƙone. Saboda haka akan sa taransista a tsakaninsu, ko wani makunni mai aiki da maganaɗiso irin na wayar mota, ƙaramar wuta ta buɗe wa babba hanya. Yaron da ya fahimci wannan a kan tsohuwar motar wasa da ya saya a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ya san abin da mai shago a Dubai ya sani.

Masana dai sukan ce wannan mahayi bai cika butum-butumi ba, tun da ba ya gani, ba ya yanke shawara da kansa. Maganarsu gaskiya ce, amma matakin gaba ba shi da nisa. In aka sa wa 'yar mota idanu biyu masu gane haske, da ɗan allon nan na Arduino da aka ƙirƙiro a Italiya a 2005, za ta iya bin baƙin layi a daɓe ba tare da kowa ya tuƙa ta ba. Daga irin wannan ne matasa sukan kai ga gasa kamar ta FIRST Global, wadda aka yi a Dubai a watan Oktoba na 2019, inda aka bai wa kowace ƙungiya akwatin kaya iri ɗaya, wata ƙungiyar matasa 'yan gudun hijirar Siriya kuma ta kasance cikin waɗanda suka zo na ɗaya.