INA A KE SAMUN TUFAR GIDA?

(Jawabin da akawun ofishinmu ya karanta a taron 'yan kasuwa da masu sana'a. Mun buga shi saboda waɗanda ba su sami zuwa ba.)

 Tambayar da ta tara mu yau ita ce wannan: in mutum yana so ya sa tufar da aka yi a ƙasar nan, ina zai same ta, kuma yaya zai gane ta?

To, kowa ya dubi rigar da ke jikinsa. Za ku ce ai ta gida ce, telan unguwa ya ɗinka. Gaskiya ne, ɗinki namu ne. Amma shaddar fa? In mai tsada ce, watakila Getzner ce daga Ostiriya. In mai araha ce, galibi daga ƙasar Sin ta fito. Haka atamfar iyayenmu mata: Vlisco daga Holan, Hitarget daga Sin. Watau a cikin kuɗin riga, ladan tela da ribar ɗan kasuwa kaɗai ke kwana a gida. Sauran ya haye teku.

Da ba haka abin ya ke ba. Cikin 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka Kano. Ya rubuta cewa tufafin da a ke saƙawa a ke rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus, ya kuma kimanta abin da a ke fitarwa ko wace shekara da wuri miliyan 300. Bayan samun jirgin ƙasa a Kano wajen 1912, sai audugarmu ta riƙa tafiya Ingila, ta komo mana a bandir. Cikin 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, tana saƙa akoko, sa'an nan Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya. Zuwa shekarun 1980 masaƙun Nijeriya sun haura 100. Manomin Funtua da Gusau yana da mai sayen audugarsa, mai tuwo a ƙofar masaƙa tana da masu ci.

Me ya kashe su? Ba lalacin ma'aikaci ba ne. Wutar lantarki ba ta tsayawa, baƙin man da a ke hura tukunyar masaƙa da shi ya yi wuya, injuna sun tsufa. Sa'an nan ga kayan waje masu araha, waɗansu ta tashar jirgin ruwa, waɗansu ta fasa-ƙwauri daga Kwatano su biyo ta Maraɗi. Gwamnatoci kuwa yau su hana shigo da yadi, gobe su buɗe. Kaduna Textiles ta rufe cikin 2002, UNTL ta Kaduna ta tsaya cikin 2007. Dubban magidanta suka koma gida, da yawa ba a biya su haƙƙinsu ba.

Yanzu ga shawararmu. In za ku sayi tufa, ku yi mata tambaya uku: ina aka saƙa ta, ina aka rina ta, ina aka ɗinka ta? Wadda ta amsa duka uku da "gida", ita ce tufar gida sosai. Wadda ta amsa ɗaya ko biyu, ita ma ta ciyar da wani namu, ta fi wadda aka kwance daga dila.

Kada ku dogara ga rubutun bakin zane kaɗai. An sha kwaikwayon zanen masaƙunmu a waje, a buga sunansu a gefen atamfa, a shigo da ita a ce ta gida ce. Har adiren Abekuta an kwaikwaya. Saboda haka mai rumfa ya tambayi dillali sunan masaƙa da garin da ta ke, ya nemi rasiɗi. Dillalin masaƙa na gaskiya ba ya jin nauyin wannan tambaya. In kuwa kuɗin turmi ya yi arahar da ba ta kai ko kuɗin auduga ba, to, a yi hattara.

Aikin hannu ya fi sauƙin ganewa. Saƙar masaƙinmu siririya ce, ƙwarya-ƙwarya, a harhaɗa da allura, kana jin ɗinkin da yatsa. Ga saƙi, ga gwado, ga luru. Turkuɗin Kura, wanda Buzaye ke naɗawa, shuninsa yana kama hannu, shi ne shaidarsa. A Ƙofar Mata cikin birnin Kano kana iya tsayawa a bakin marina ka ga ana tsoma zane a baba, ka ji mabuga suna bugu. Hular Barno da aikin babbar riga na Zariya da Bida, allura ce ta ɗan ƙasa. Juya bayan aikin za ka gane na hannu da na inji. A Kudu akwai ashoken Iseyin da Ilori, akwai saƙar matan Akwete, akwai kuma telolin Aba masu ɗinka riga da wando a kai kasuwanni. Amma mu faɗi gaskiya: masaƙa da yawa yanzu da zaren kanti su ke aiki, marina kuma su kan rina yadin waje. A tambaye su, za su faɗa.

Mun sani tufar gida ta kan fi tsada. Ba mu zo mu zargi mai 'ya'ya bakwai don ya saya musu gwanjo ba. Aljihunsa ne ya yanke masa hukunci. Abin da mu ke roƙo kaɗan ne. Mai hali, cikin kayan sallarsa ko lefen ɗansa, ya sa ko da guda ɗaya na gida. Masu anko su fara neman na gida tukuna. 'Yan Kantin Kwari da sauran kasuwanni, ku ware kanta ɗaya ta kayan gida, kada kuma ku kira na waje na gida don neman riba. Hukuma kuwa, tun 2017 ta ba da umurni ma'aikatunta su fifita kayan gida wajen saye. To, mu tambayi wakilanmu, kakin soja da na 'yan sanda da zannuwan gadon asibiti, a wace masaƙa aka saƙa su?

'Yan'uwa, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Masaƙin da ya rasa mai saye bana, baɗi ba zai koya wa ɗansa saƙa ba. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.